Darasinmu na yau: canza akwatin giya na mota otomatik



A ƙasar Madawa da Buza da Kaita, mota ta daɗe da shiga cikin kayan aikin noma. Ita ke kwaso albasa daga fadamar Tarka zuwa bakin kwalta. Ita ke kai taki da iri ƙauye. In naƙuda ta tsananta wa mace cikin dare, ita ce ke kai ta likita. Saboda haka, ranar da motar ƙauye ta kwanta, ba mai ita kaɗai ke shan wahala ba.

Yawancin motocinmu na hannu ne. An yi aiki da su a Turai ko Amurka, aka sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome, sannan suka iso mana. Da yawa daga cikinsu otomatik ne, wato suna sauya giya da kansu. Ɗaya daga cikin manyan cututtukan irin waɗannan motoci shi ne lalacewar akwatin giya. Wasu na kiransa giyabos, wasu na cewa bwat. Duk abu ɗaya ne.

Mai motar da ya saba riƙe sifana, yana kuma da mataimaka, yana iya canza wannan akwati da kansa. Amma da sharaɗi uku. Ya karanta kafin ya saya. Ya tokare mota kafin ya shiga ƙarƙashinta. Kada ya tilasta wa ƙarfe shiga inda ya ƙi shiga. A kan waɗannan uku za mu gina darasin.

1. Yadda akwatin ke aiki

Inji shi ke haifar da ƙarfi. Akwatin giya shi ke karɓar ƙarfin, ya daidaita shi, ya miƙa wa ƙafafun mota. A mota mai giyar hannu, direba ke taka kuloci ya sauya giya. A mota otomatik babu kuloci a ƙarƙashin ƙafar direba, birki da totur kawai ke akwai. A Amurka aka fara sayar da irin wannan akwati da yawa, cikin motocin Oldsmobile na shekarar 1940.

Tsakanin inji da akwatin akwai wani ƙarfe mai kama da babbar ƙwarya rufaffiya, cike da mai. A wannan darasi za mu kira ta tukunyar mai. Ku ɗauki misalin fanka biyu da aka sa suna kallon juna. In aka kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar. Haka abin yake cikin tukunyar, sai dai mai ne ke yin aikin iska.

Man wannan akwati ja ne, ba shi da kauri. Yana aiki uku: yana ɗaukar ƙarfi, yana hana ƙarafa cin juna, yana kuma kwashe zafi. Akwai famfo cikin akwatin da ke tura man, kuma inji ne ke juya famfon. In inji ba ya aiki, mai ba ya zagayawa. Ku riƙe wannan, za mu sake buƙatarsa.

Kusa da sandar giya akwai baƙaƙe. P na ajiye mota ne. Ba mu cika haɗuwa da P a kalmomin Hausa ba, amma gane shi ba wuya: R ne da aka cire wa ƙafar gaba. R na komawa baya ne. N ba gaba ba baya. D na tafiya gaba ne. Lamba 2 da harafin L na hawan tudu ne da gangara da rairayi.

2. Abin da ke kashe shi a ƙasarmu

Babban abokin gaban akwatin shi ne zafi. A watannin Afirilu da Mayu zafin gari yakan wuce awo 40. In an ɗora wa ƙaramar mota buhunan albasa fiye da ƙarfinta, ta shiga rairayi ta kafe, direba ya yi ta taka totur, man cikin akwati zai ƙone. In mai ya ƙone, fayafayan da ke riƙe giya su ma su bi shi.

Na biyu shi ne dutse. A hanyoyin tudu na wajen Buza da Kaita da Tamaske, dutse yakan bugi farantin da ke ƙarƙashin akwati. Mai ya riƙa ɗiga, mai mota bai sani ba.

Na uku shi ne ruwa. Da damina, wanda ya kutsa cikin ƙorama mai ruwa, ruwan na iya shiga akwatin ta ƴar kafar da yake shan iska.

Na huɗu shi ne hannun mutum. Zuba baƙin mai na inji, ko man giya mai kauri, yana lalata akwatin. Haka ma jefa mota a R tun ba ta gama tsayawa ba. Haka ma janta da igiya tafiya mai nisa, domin inji ba ya aiki, famfo ba ya tura mai, ƙarafa na gugar juna a bushe. Motar da ta lalace a ɗora ta bisa babbar mota, ko a ɗaga ƙafafun da ke janta. Kuma mota otomatik ba ta tashi da turi. Kada a wahal da yaran gari.

3. A tabbatar da cuta kafin a nemi magani

Ba kowace motar da ta ƙi tafiya ce akwatinta ya mutu ba. Mu fara da abu mai araha.

A tsayar da mota wuri mai daidai. A bar inji ya yi ɗumi yana aiki. A taka birki, a bi da sandar giya ta kowane harafi, a dawo da ita P. A zaro sandar awon mai ta akwatin giya, a goge, a mayar, a sake zarowa. A mafi yawan motoci haka ake awon, inji na aiki. Motocin Honda kuwa sai an kashe inji.

A ɗiga man bisa farar takarda a duba. In ja ne garau, lafiyarsa lau. In ya yi duhu, ya tsufa. In baƙi ne yana warin ƙuna, cikin akwatin ya ƙone. In ya yi kamar zoɓon da aka zuba wa nono, ruwa ya shiga. In ana ganin ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli, haƙoran ciki sun fara cinyewa.

Ƙarancin mai, toshewar matatar mai, wayar da ta tsinke, igiyar sandar giya da ta saki, ko batir mai rauni, duk suna iya sa mota ta yi kamar akwatinta ya lalace. Gyaransu ba shi da tsada. Motocin da aka ƙera domin Amurka tun 1996, da masu shan fetur da aka ƙera domin Turai tun 2001, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake jona na'urar bincike, ta faɗi inda cutar take. Ana samun masu irin wannan na'ura a manyan garuruwa kamar Maraɗi da Tawa. Kuɗin bincike bai kai kuɗin akwati ba.

In mai ya cika, wayoyi lafiya, amma inji na kuka mota ba ta ja, ko ta ƙi komawa baya, ga kuma mai baƙi da ɓarɓashi, to akwatin ya gama aiki.

4. Wa zai taɓa, wa zai bari

Darasin nan ya shafi ƙananan motoci masu ja da ƙafafun gaba, irin su Corolla. Wanda bai taɓa canza birki ko sitata da hannunsa ba, kada ya fara koyo da akwatin giya. Ya ɗauko bakanike, shi kuma ya tsaya kusa da wannan takarda a hannu.

Akwai motocin da ba a taɓawa a gida. Mota mai haɗa fetur da lantarki tana da manyan wayoyi masu launin lemu, kuma wutar cikinsu na kisa. Sababbin motoci da yawa ba su da sandar awon mai, wasu kuma sai an haɗa akwatin da kwamfutar mota kafin ya yi aiki. Manyan motoci masu ja da ƙafa huɗu, akwatinsu ya fi ƙarfin ɗaukar hannu. Duk waɗannan na gareji ne.

5. Sayen akwati: nan karatu ke biyan mai shi

Akwatunan hannu na zuwa mana daga Maraɗi da Yamai, ko daga Sakkwato ta hanyar Ƙonni, ko daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. A shekarar 2023 aka rufe iyakar Gaya, tsakanin Nijar da Benin, kaya suka riƙa zagayowa ta doguwar hanya. Wanda ya sayo akwatin da bai dace ba, mayar da shi wata tafiya ce da wani kuɗin mota. Sau da yawa kuɗin albasar shekara guda ne ke ciki.

Akwatuna biyu na iya kama da juna kamar tagwaye, amma cikinsu daban. Ido ba ya rabe su, lamba ce ke rabewa. A jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko ƙarƙashin murfin inji, akwai ɗan allo mai rubutu. A motocin Toyota ku nemi inda aka rubuta A/TM ko TRANS/AXLE. Abin da ke biye shi ne sunan akwatin, misali A245E ko U341E. Dukansu ana samunsu a Corolla, amma ɗaya ba ya zama a wurin ɗaya.

Ku kwafe wannan suna a littafinku, harafi bayan harafi. Ku kwafe lambar jikin mota, mai baƙaƙe da lambobi 17, wadda ke cikin takardar mota. Ku rubuta shekarar mota da girman injinta. Ku ƙirga ƴan haƙoran da ke cikin kowane mahaɗin waya na tsohon akwati. In akwai wayar salula mai hoto, a ɗauki hotonsa ta kowane gefe.

Ba a cinikin biri a sama. A kasuwa, ku duba jikin akwati ko akwai tsaga. Ku nemi a buɗe farantin ƙasa. A cikinsa akwai ɗan maganaɗisu. In baƙin gari mai laushi ne kawai ya manne masa, ba laifi. In gutsattsarin ƙarfe ne, ko tsatsa, ko ruwa, ku wuce gaba. Ku sayi akwatin tare da tukunyar mansa. Kada a mayar da tsohuwar tukunya, domin dattin akwatin da ya mutu na cikinta.

Daga nan sai takarda. A rubuta ranar ciniki, da sunan akwati, da kuɗinsa, da yawan kwanakin da mai saye zai iya mayarwa in bai yi aiki ba. Mai kaya ya sa hannu, shaidu biyu su sa. A yi wa akwatin alama da fenti. Magana takan canza, rubutu ba ya canzawa.

Ku sayo kuma sababbin robobin da ke hana mai zuba, da sabuwar matata, da man da ya dace. A motocin Toyota da yawa an rubuta sunan man a jikin sandar awo. Tsofaffi na shan DEXRON, na bayansu T-IV, na baya-bayan nan WS. Abin da ke rubuce a sanda shi za ku nema a jikin galan. Ƙaramin akwati yakan ci lita 6 zuwa 8 in babu komai cikinsa.

6. Wurin aiki da tsaron rai

Ƙaramar mota ta fi tan 1 nauyi, wato ta fi buhu 10 na gero masu kilo 100. Akwatin kansa yakan kai kilo 70 ko fiye. Wanda ɗayansu ya faɗa wa a ƙirji, da wuya ya tashi.

A nemi ƙasa mai tauri, mai daidai. Ba a wannan aiki bisa rairayi. Jak ɗagawa yake yi, ba riƙewa ba. Bayan an ɗaga mota, a zaunar da ita bisa matokaran ƙarfe, ko gajerun kututture masu kauri da faɗin gindi. Kada a yi tokari da bulo na siminti ko tubalin ƙasa, domin suna fashewa ba sallama. A ja birkin hannu, a sa manyan duwatsu gaba da bayan ƙafafun baya. Tayoyin da aka cire a tura su ƙarƙashin gefen mota. Sannan mutum biyu su girgiza motar da ƙarfi. In ta motsa, a sake shiri.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin na mutum uku ne, ɗayansu shi kaɗai ke ba da umurni. Yara su yi nisa. Ba taba, ba wuta. A bar mota ta kwana ta huce, a fara da sassafe.

Ƙura ma abokiyar gaba ce, domin hanyoyin mai na cikin akwati ƙanana ne ƙwarai. Kada a buɗe akwati ranar iska. A shimfiɗa tabarma ko leda mai tsabta, a toshe kowace kafa da tsumma mai tsabta.

Kayan aiki su ne: sifanu, jak biyu, matokarai, katako mai kauri, sarƙa, daro na tarar mai, mazurari, rula, fitila, da littafi da alƙalami.

7. Sauke tsohon akwati

Na 1: A cire wayar batir mai alamar ragi, wato ƴar karan nan a kwance.

Na 2: Tun mota na ƙasa, a sassauta notocin taya da babban notin tsakiyar kowace ƙafar gaba. Sannan a ɗaga, a tokare, a cire tayoyi.

Na 3: A tsiyaye man akwati cikin daro.

Na 4: A cire batir da gidan matatar iska da sitata. A cire igiyar sandar giya, da wayoyi, da tiyo biyu da ke kai mai ga lagireto. Kowace waya a ɗaura mata ƴar takarda mai lamba, a rubuta lambar a littafi tare da wurinta. Notocin kowane wuri a sa su cikin gwangwaninsu daban, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne.

Na 5: A zare sandunan ƙarfe biyu da ke kai ƙarfi ga ƙafafu, waɗanda ake kira kardan. Kada a bar su suna lilo, kada a ja tiyon birki.

Na 6: A riƙe inji. Akwatin na cikin abubuwan da ke ɗauke da shi, in an cire akwati inji zai sunkuya. A gitta katako mai kauri a sama a rataye shi da sarƙa, ko a tallafe shi da jak daga ƙasa, da katako a tsakani.

Na 7: A ƙasa, inda inji ya haɗu da akwati, akwai ɗan murfi. A buɗe shi. Ta nan ake kwance notocin da suka haɗa tukunyar mai da faifan inji. Ana juya inji da sifana a hankali, noti ya bayyana, a kwance, a sake juyawa. A Corolla guda 6 ne.

Na 8: A tallafi akwati da jak na biyu. A kwance matokaransa da notocin da suka haɗa shi da inji. A ja shi gefe a hankali, a sauke. Tukunyar mai ta sauko tare da shi. Kada kowa ya kwanta a ƙarƙashi a wannan lokaci.

Kafin a zare tsohuwar tukunya, a yi awo. A gitta miƙaƙƙen ƙarfe a bakin akwati, a auna da rula daga ƙarfen zuwa inda noti ke shiga jikin tukunya. A rubuta milimita nawa ne. Wannan lamba za ta cece mu nan gaba.

8. Ɗora sabon akwati

A ajiye tsoho da sabo gefe da gefe. A gwada ramukan noti da mahaɗan waya. In akwai bambanci, a tsaya nan. A duba faifan inji ko ya tsage, a duba bayan inji ko baƙin mai na zuba. Yanzu ne gyaransu ke da sauƙi. A sa sababbin robobi da sabuwar matata.

A wanke hanyar mai da ke bi ta lagireto, har abin da ke fitowa ya zama garau. Wanda ya tsallake wannan, dattin tsohon akwati zai koma cikin sabo. In tsohon mai ya fito da ruwa, alhali mota ba ta shiga ƙorama ba, lagireto ne ya huje daga ciki. Sai a canza shi.

Yanzu mun zo wurin da aka fi yin hasara, wato zaunar da tukunyar mai. A zuba mata kamar lita 1 na sabon mai, a shafa mai a wuyanta. A zura ta bisa sandar akwati, ana juyawa ana turawa a hankali. Za a ji ta faɗa ciki sau ɗaya. Ba ta gama ba. A ci gaba da juyawa, za ta sake faɗawa, sau biyu ko uku gaba ɗaya. Faɗawar ƙarshe ita ce shigar wuyanta cikin famfo. Sannan a ɗauko rula a auna. In awon bai kai lambar da muka rubuta ba, tukunya ba ta zauna ba. A sake.

Me ya sa muka daɗe a nan? Domin in tukunya ba ta zauna ba aka ɗaure akwati, wuyanta zai danne famfo ya fasa shi. Sabon akwati ya mutu tun mota ba ta taka ko taku ɗaya ba. Ba kuma wanda zai karɓi kayan da mai saye ya fasa da hannunsa.

A ɗaga akwati bisa jak, bakinsa na ɗan kallon sama domin kada tukunya ta zame. A jikin inji akwai ƴan turaku biyu na ƙarfe da ke shiga ramukan akwati. In komai daidai ne, akwati da inji za su haɗe baki da baki da turin hannu kawai. In rata ta rage, akwai abin da ya tokare. Kada a ce noti zai jawo shi. A ja baya a duba. Sauri ya haifi nawa.

Bayan sun haɗe, a sa yatsa ta ɗan murfin nan a juya tukunya. Wajibi ne ta juya sake-sake. A ɗaura notocinta duka da hannu tukuna, sannan a bi su a ƙarfafa. A yi aiki da notocinta na asali, domin noti mai tsawo yana lotsa tukunya. In ana iya aron sifana mai awon ƙarfi, ya fi. Sauran kaya a mayar da su bisa ga littafi, daga na ƙarshe zuwa na farko. Babban notin tsakiyar ƙafa a ɗaure shi sosai, a kulle shi yadda aka tarar. Wayar batir ita ce ta ƙarshe.

9. Zuba mai da gwaji

A zuba lita 3 ko 4 ta bututun sandar awo. A tayar da inji a fili, ba cikin rufaffen ɗaki ba, domin hayaƙin mota na kisa. A taka birki, a bi da sanda ta kowane harafi, ana ɗan dakatawa. A auna, a ƙara kaɗan-kaɗan. In mota ta yi zafi, mai ya tsaya a alamar da aka rubuta HOT. Kada ya wuce, domin mai in ya yi yawa kumfa yake yi.

Mota ta tashi a P da N kawai. In ta tashi a D ko R, a gyara igiyar sandar giya kafin a fita, domin tana iya zabura ta take mutum. A gwada birki. A yi ƴar tafiya ba kaya, a saurari yadda giya ke shiga. A dawo a duba ƙasa ko mai na ɗiga. Bayan mako guda a sake auna mai, a sake bin notoci.

10. Lafiyarmu da lafiyar gonarmu

Man akwati yakan kai awo 80 na zafi in mota ta yi tafiya. Wanda ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa gishiri ko ƙwai ko man goge baki ko baƙin mai. A rufe da tsumma mai tsabta, a je likita. Wanda ƙarfe ya yanka ya wanke da ruwa da sabulu, ya je a duba ko yana buƙatar allurar tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki.

In mota ta danne mutum, kada a fizgo shi. A ɗaga motar tukuna. A kwantar da shi bisa katako ko ƙyaure, wuya da baya a miƙe, a kai shi asibiti mafi kusa, na Madawa ko Buza ko Kaita ko Galmi, ko da ya ce ya ji sauƙi. Ciwon ciki ba ya nunawa a waje.

Man akwati ja ne kamar zoɓo. Kada a zuba shi a gorar abin sha, yaro ba zai bambanta ba. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin man na iya shiga huhunsa. A kai shi likita nan take, tare da gorar.

Tsohon mai guba ne. A fadama ruwa na kusa, abin da aka zubar a ƙasa yana iya kai wa rijiyar da muke sha, muke ban ruwan albasa. Kada a shafa shi a miki, kada a shafa wa dabba domin kaska ko ƙaiƙayi. A zuba shi a jarka mai murfi, a rubuta GUBA a jikinta da manyan baƙaƙe, a kai wa masu gareji. A wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba.

Ƴan'uwa, sabon akwati zai daɗe gwargwadon yadda aka riƙe shi. A auna mai kowane mako. A rage lodi. In mota ta kafe, a fito a haƙa, a tura, maimakon a yi ta taka totur. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu damina mai albarka.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Me ya sa ba a jan mota otomatik da igiya tafiya mai nisa?
2. Man akwati ya fito kamar zoɓo da nono. Me ya faru?
3. Waɗanne abubuwa za mu rubuta a littafi kafin mu tafi kasuwa?
4. Me ya sa ba a tokare mota da bulo?
5. Yaya za mu gane tukunyar mai ta zauna?

Aikin lissafi

Akwati na cin lita 7. Kowane galan lita 4 ne. Galan nawa za mu saya, kuma lita nawa za ta rage?

Aikin rubutu

Kowa ya je wurin motar da ke ƙauyensu, da izinin mai ita, ya kwafo baƙaƙen da ke kusa da sandar giya da lambar jikin mota. A kawo aji mu karanta tare.